Kabejin da Tsutsa Ta Ci

A bakin tashar jirgin ƙasa ta garin Kashiwa, kusa da Tokyo, wata manomiya mai suna Kuwabara tana raba wa 'yan ƙungiyar gonarta kwandunan kayan lambu, sai wani dattijo ya tsaya yana jujjuya kabeji.

"Wannan ai tsutsa ta riga ku ci," in ji shi.

"Ba ma feshi, Baba, ba ma sa takin zamani. Kuma ba na sayarwa ba ne. Ƙungiya ake shiga, abin da gona ta bayar a mako shi za ka ɗauka."

"Ko da kabewa ce zalla?"

"Ko da ita ce. Ku nawa ne a gida?"

"Gidan ɗana nake, can saman bene. Matarsa ba ta son abin da ya zo da ƙasa a jiki, sai na leda." Ya shinshina ganyen. "Na ji wai 'yan ƙungiya kan je cire ciyawa."

"Ran Lahadi. Da ƙyar mutum biyu ke zuwa."

"Ba ki da mai taya ki?"

"Ɗana yana aikin ofis a Tokyo. Ya ce in sayar da gonar in koma wurinsa."

"Haka nawa ya ce, na bi maganarsa. Yanzu tawa ta zama wurin ajiye motoci."

"To in ka shiga, wa zai dafa maka?"

"Ki ba wani kwandon, 'yata. Ni dai wane jirgi zan hau ran Lahadi?"

"Na farko. Ka sayi takalmin roba, akwai laka."

"Nawa yana nan. Shi kaɗai ban yarda an zubar ba."