Yaƙin da Muka Ci a Ɗakin Suzana

Shugaban wannan zama, Malam Mika'ilu malamin majami'armu, dattawan ikilisiyar Tudun Wada, akawunan reluwe da malaman makaranta, iyayenmu mata, 'yan'uwa da kuka tako daga birni da Hanwa, ni Obadiya ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu.

Na gode da aka ba ni dama in yi magana kafin a yanke hukunci. An tara mu ne don a duba ko za a hana 'yar'uwarmu Suzana, matar marigayi Labaran, cin Jibin Ubangiji, gurasa da ƙoƙon da masu bi ke karɓa a majami'a, a kuma mai da ita bencin baya, saboda an ga laya a wuyan 'yarta mai fama da ƙyanda.

Na farko, ina taya mayaƙanmu murna. Shekara nawa ana yi mana wa'azi mu ɗaura ɗamara, mu riƙe garkuwar bangaskiya, mu tsaya daram gaban Shaiɗan, muna ta neman inda ya ɓuya. Ashe yana nan kusa, a wuyan jaririyar wata tara. Dattawa huɗu suka tashi ranar Laraba, Baba Ɗantsoho a gaba da aska a aljihu, suka ratsa unguwa suna waƙa, suka shiga ɗakin gwauruwa, suka yanke zaren, suka ƙone layar a tsakar gida. Ba a rasa ko mutum ɗaya a cikinsu ba. Tun da Nasara suka ci ƙasar nan ba a ga yaƙi mai sauƙin wannan ba.

Na biyu, ina yaba himmarsu. Sun himmatu ƙwarai, har babu wanda ya sami sararin tambayar jikin yarinyar. Babu wanda ya leƙa randa ya ga ko da ruwa. Kwana goma sha ɗaya Suzana ta yi tana jinya, wa ya kai mata ko ludayin kunu? Inna Kulu ce, surukarta, Musulmar nan da ta ɗaura layar. Ita ke fitowa daga birni kullum da ƙwarya a ka. Mu kuwa muna wasa aska.

Na tambayi Suzana, "Me ya hana ki cirewa?" Ta sunkuyar da kai ta ce, "Malam, 'yar fari ce fa, ko sunanta ba na iya faɗa gaban Inna. Ɗanta ya rasu, wannan kaɗai ta rage mata. Da wane hannu zan kwance abin da ta ɗaura tana kuka? Ni dai addu'ata nake yi." Duk wanda aka haifa a ƙasar nan ya san kunyar da take nufi, sai dai in baftisma ta wanke mana har da tunani.

Kada wani ya fita ya ce Obadiya ya halatta laya. Ban halatta ba. Mai bi ba shi da wani tsari sai Ubangijinsa. Amma maƙiyinmu ba wawa ba ne. Ya bar mana guntun fata mu ƙone, shi kuwa ya shige zukatanmu ya shimfiɗa tabarma, da girman kai, da taurin zuciya, da jin daɗin kama wani da laifi. Wannan ya ba ni haushi, ya kuma ba ni kunya.

Na uku, tunda yau ranar bincike ce, a fara da ni. Shekara uku bayan baftismata ina yawo da layar uwata ɗinke a cikin hulata. Da ita nake zuwa majami'a, ita nake riƙewa a hannu ina karɓar Jibi. Baba Ɗantsoho ma ya taɓa yaba ɗinkin. Mutum ɗaya ne ya gane, Labaran, mijin matar nan. Bai tona ni ba. Ya riƙa zuwa rumfata bayan la'asar, muna karatu, muna addu'a, har ran da tsoro ya sake ni na farke hular da hannuna. Da ya zo mini da aska da waƙa, da yau ba na cikinku.

Saboda haka, Malam Mika'ilu, in an mai da matar Labaran bencin baya, a matsa mini wuri kusa da ita, ni ma a hana ni Jibi. Laifinta na kwana goma sha ɗaya ne, nawa na shekara uku.

Ubangiji ya tashi kafaɗar yarinyar nan. Ya saka wa Inna Kulu da alheri. Ya ƙarfafa Suzana, ya buɗe idanunmu mu gane maƙiyinmu na gaskiya, ya tsai da mu daram har ƙarshe, ya mai da kowa gidansa lafiya. Amin.

Na gode.