Giga Biyun da Aka Ce Nea Tavi Ya Sace

Mai girma Uba Ilarie, limamin cocinmu, mai girma magajin gari, Mama Veturia, matar marigayi kuma surukata, mijina Horia, 'yan uwa da maƙwabta, har da ku da kuka tsaya bakin ƙofa kuna leƙe, sannunku da zuwa. Ni ce Smaranda. Dangi ne suka ce in yi magana, wai na fi kowa karatu, ko da yake littattafan soyayya ne.

Yau kwana arba'in da muka binne Octavian Dobrescu, wanda gari ke kira Nea Tavi, ni kuwa nake ce masa Baba.

Ya kasance mai gyaran rediyonmu, da zamani ya juya ya koma kan kwamfutocinmu. Ya kasance mutumin da ya san babu mai katin hoto na musamman a kwamfutarsa a cikinmu, tsofaffin injuna ne da 'ya'yanmu ke turowa daga Italiya. Idan hoto na tsinkewa, sai ya shiga shuɗin allon nan da ke fitowa kafin kwamfuta ta gama tashi, ya yanki wani kaso na ƙwaƙwalwarta ya ba sashen hoto. Yakan ce, "Gida ɗaya ne, na rage falo na ƙara wa kicin." Haka ya yi wa na laburarenmu, har yau muna kallon jikoki a kansu.

Ya kasance abokin Nea Pamfil, wanda nake hangowa kusa da murhu yana murza hularsa. Da Nea Pamfil ya ajiye tuƙin tirela, sai ya koma tuƙa ta a wasan kwamfuta. Ina nan ranar da ya shigo shago yana huci.

"Tavi, motar nan tangaɗi take yi kamar ni ranar bikin 'yata!"

Baba ya ce, "Motar ce ko direban, tsohon banza? Ajiye ta nan."

Ya ba hoto giga biyu daga cikin giga takwas na ƙwaƙwalwar kwamfutar, mota ta miƙe. Sai ga mijin 'yar Nea Pamfil ya zo hutun Ista daga Torino, ya duba ya ce wa surukinsa, "Tata, takwas na saya maka, shida nake gani. Wa ya taɓa ta?"

Kafin Lahadi maganar ta zagaye kasuwa: Nea Tavi na zare kayan cikin kwamfutoci. Mu da muka tashi a gidajen da ake rage murya idan maƙwabci ya buɗe taga, ba mu sha wahalar yarda ba. Mata suka fara ɗiga jan farce a kan ƙusoshin kwamfutocin kafin su kawo gyara, don su gane in an kwance. Baba ya gani, ya yi dariya ya ce wa wata dattijuwa a cikinsu, "Tanti Lenuta, wannan kalar ta 'yan mata ce, ba taki ba." Amma a gida sai ya ture kwanon miya. Ya yi bayani, muka ce yawan bayanin ma abin tuhuma ne.

A littattafaina mugu kan bayyana kafin shafin ƙarshe. A nan kuwa kowa ya zo da furanni. Tun safe nake duban fuskoki, ina tambayar kaina. Jan farcen nan bai taɓa tsagewa ba ko a kan ƙusa ɗaya, me ya sa babu wadda ta faɗa a kasuwa? Bayan jana'iza Horia ya ce duk mai shakka ya kawo kwamfutarsa, a mayar masa da giga biyunsa a gaban idonsa ba tare da an kwance komai ba. Wa ya zo? Babu. Jiya ma na wuce tagar Nea Pamfil, na ji tirela na danna oda lafiya lau. Ina zargin mun daɗe da sanin gaskiya. Muna son hoton sumul, muna kuma son labarin.

Mama, tun bazara ba ki taka kasuwa ba, ni kike aika sayen burodi. Ɗaga kanki, ki dube su. Horia, daina cije haƙoranka, ba faɗa muka zo yi ba.

Ga dafaffiyar alkamar sadaka a kan tebur. Kun san duk wanda ya karɓa yakan ce, "Allah ya gafarta masa." Mama ta ce yau da hannunta za ta raba, ɗaya bayan ɗaya. Wanda har yanzu ya yarda mijinta ɓarawo ne, ya bar hannunsa a aljihu, ba za mu yi fushi ba, za dai mu sani. Wanda ya miƙa hannu kuwa, gobe zai raka ta kasuwa, ya faɗi abin da ya sani da muryar da ya faɗi wancan labarin. Nea Pamfil, tare kuka girma, kai za ka fara.

Mun gode wa Uba Ilarie, da matan da suka yi girki, da duk wanda ya tako. Ubangiji ya hutar da bawansa Octavian a inda babu ciwo babu gulma, ya sanyaya zuciyar matarsa, mu kuma ya yafe mana harsunanmu. Amin.