Makulli Ɗaya Tal

A rumfar mai yanka makulli, wani ɗan kasuwa ya zube tarin makullansa a tebur. Tsohuwar da ke gefensa ɗaya tal ta kawo.

"Ɗana, duk naka ne? Kana barci kuwa?"

"Ina fa, Mama! Shago uku, ga gida. Naki na ina ne?"

"Na ɗakina. Wata gwauruwar cocinmu zan yanka wa, mu zauna tare."

"Ba kya tsoron ta yi miki sata?"

"Ta saci me? Littafi Mai Tsarki? Ai da ta ci riba! Ni Yesu ya ishe ni. Har minshari nake yi."

Ya daɗe yana kallon makullansa.

"Mama, cocin naku, ƙarfe nawa ake buɗewa?"

"Ba ma kullewa, ɗana."