Fatawar Wankan Gwadabe

Gwadabe: Salamu alaikum, Malam Abdulbaƙi! Gwadabe ne, daga Aujara.

Malam: Wa alaikumus salam, ɗan kawuna. Ya gida? Ya damina?

Gwadabe: Ruwa ya yi gyara. Ya mutanen Miga? Ya jikin?

Malam: Da sauƙi.

Gwadabe: Ƙarya kake, Allah gafarta Malam. An ce har yanzu da robar fitsari kake limanci.

Malam: Kai dai ba ka da kunya. Me ya faru?

Gwadabe: Fatawa na kawo. Mutum ne aka yi wa aiki a Dutse, aka cire masa ƙarin nan da ke toshe fitsari, irin wanda likita ya ce a cire maka ka gudu...

Malam: Ban gudu ba, istihara nake yi.

Gwadabe: Tun bara? To shi mutumin, ya kusanci iyalinsa, an je an dawo, amma ko ɗigon ruwa bai fito ba. Dama likita ya ce ba zai ƙara fitowa ba. Wanka ya hau kansa?

Malam: In dai an sadu, wanka ya wajaba, ko da ruwa ko... Tsaya. Alo? Wane mutum ne wannan?

Gwadabe: Wani bawan Allah.

Malam: Gwadabe! Kai ne? Ba kai ka ce mini Alhajin naka ya rasu ba?

Gwadabe: Ashe suma ya yi! Shekaranjiya ya farfaɗo.

Malam: La'ilaha illallahu! Alo? Ƙara faɗa, layin yana yankewa.

Gwadabe: Ka ji sarai, daɗin ji kake. Ya tashi! Ba irin tashin samartaka ba, sai da ya dafa bango, amma ya miƙe.

Malam: A'uzubillahi. Rubutun wa ka sha?

Gwadabe: Naka na sha wata da watanni, zanin gado kawai ya gane kurensa. Ƙwaya likita ya ba ni, ya kuma koya mini matse mara kamar mai riƙe tusa a sahun gaba. Ina noma ina matsewa, ina kan jaki ina matsewa. Shekara guda cur, Malam. Kuma ya gaya mini gaskiya, wani ya dawo, wani shiru.

Malam: Ka ji abin da nake tsoro. In nawa ya yi shirun fa? Da wane ido zan kalli mai ɗakina Mu'minatu?

Gwadabe: Yanzu da robar, da wane ido kake kallonta? Kuma likita ya ce ƙarin naka yaɗuwa yake yi. Wallahi tsoro nake a kira ni jana'izarka.

Malam: Ita mai ɗakin naka, duk tsawon lokacin nan ba ta ce komai ba?

Gwadabe: Har takarda na ce zan ba ta, kada na cuce ta. Ta ce in rufe mata baki, ita dai ta gan ni a tsakar gida ina shan fura, sauran in ya zo ya zo.

Malam: Hmm. Amma kai da ka sauke Iziyya, ba ka san hukuncin wanka ba?

Gwadabe: Na yi wankana tun shekaranjiya, har da sabulu.

Malam: Ɗan banza. Wace rana likitan yake zama?

Gwadabe: Laraba. Zan biyo maka da mota da sassafe, kada ka ce istiha...

Malam: Alo? Gwadabe? To, Larabar.