Tukunyar Ɓuntu Ta Watsa Unguwarmu

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannu da fama da mu.

Ni ce Hajiya Asabe daga Tumfure, ina da masana'antar gumin shinkafa. Da gas muke turarawa, amma tunda aka fara tashin bama-bamai, motar gas sai ta yini a shingen sojoji, shinkafar da muka jiƙa tana tsami. Sai na sa aka ƙera mana tukunyar tururi mai cin ɓuntun da muke zubarwa. Wallahi tana aiki, hayaƙin ma kaɗan ne.

Amma in tururi ya yi mata yawa, sai ta saki wata irin ƙara. Ranar Talata da ta yi ƙarar, aka zaci bam ne, unguwa ta watse. Goggo Falmata, maƙwabciyata da ta gudo daga Borno, ta suri jikanta ta ruga ba takalmi. Har yau ba ta amsa gaisuwata.

Na kasa zaune na kasa tsaye. In na kashe tukunyar ma'aikatana su rasa abinci, in na kunna unguwa ta sake watsewa. Don Allah injiniyoyi, yaya ake rage ƙarar nan?

Goggo, na san kina jin shirin nan. Ki yafe mini, wallahi shinkafa ce kawai.