Mun Tsaya Ban Haƙuri, Wa'adin Ɗaukaka Ƙara Ya Wuce

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, barkanku da aiki.

Yayana Sabi'u ma'aikacin kamfanin fata ne a Challawa. Faɗa ya haɗa shi da abokin aikinsa Bitrus, har hannun Bitrus ya karye. Babbar kotu ta ɗaure Sabi'u, shi kuwa ya dage kare kansa ya yi.

Na ce wa Baba mu ɗaukaka ƙara. Ya ce, "Kai ɗan boko, ana ban haƙuri kana maganar kotu? Bari dattawa su gama."

Dattawa suka yi ta zarya gidan su Bitrus a Zawaciki, har ya yafe. Muka garzaya wajen wata lauya da murna. Ta ce yafiya ba ta soke hukunci, kuma kwana casa'in na ɗaukaka ƙara sun wuce. Sai dai mu roƙi ƙarin lokaci, kuma ba dole kotu ta bayar ba.

Na kasa zaune na kasa tsaye. Masu sauraro, kotu tana karɓar sulhu a matsayin dalilin jinkiri? Ranar Asabar zan ziyarci Sabi'u, kuma har yanzu ya ɗauka takardun ɗaukaka ƙararsa suna gaban alƙali.

Nura, daga Kumbotso.