Inna Ta Dangwala Hannunta

Safara'u: Salamu alaikum, Yaya Nababa.

Nababa: Wa'alaikumus salam. Safara'u, ya zaman asibiti?

Safara'u: Da godiya. Ya gida? Ya su Mairo da yara?

Nababa: Duk lafiya. Ya jikin Inna?

Safara'u: Ya ruwa a wajenku?

Nababa: Ya ɗauke, yau kwana tara. Ina gona ma yanzu. Na ce ya jikin Inna?

Safara'u: Ta ɗan sha koko da safe. Yaya, jibi za a sallame mu.

Nababa: Alhamdu lillahi. Ashe sauƙi ya samu.

Safara'u: Ba irin wannan sallamar ba ce. Likita ya ce ciwon dajin ya kai hanta. Allurar da ake mata ba ta...

Nababa: Ba ta me? Wayar tana yankewa.

Safara'u: Ba ta ƙara amfani, sai wahala. Ya ce a tsayar da ita, a koma ba ta maganin rage zafi kawai, ta samu barci, ta ci abinci. A gida ma za a iya.

Nababa: Wato sun sallama ta ga mutuwa.

Safara'u: Ya ce ba barin ta za su yi ba. Za su haɗa mu da ma'aikaciyar jinya a Ɗanbatta. Amma sai an sa hannu a takarda.

Nababa: Kar ki sa. Kuma kar wanda ya gaya wa Inna. Gobe zan shigo Kano, ko shanun huɗar ne sai in sayar mu canja asibiti.

Safara'u: Ba hannuna suke nema ba, Yaya, ba kuma naka ba. Ya ce tunda tana cikin hankalinta, ita ke da magana. Da Hausa ya yi mata bayani, har sau biyu, ya ce in ta ƙi za a ci gaba da allurar.

Nababa: Kina zaune aka gaya mata?

Safara'u: Ita ta tambaya. Ta ce jikinta ne, ta riga mu sani. Ta dangwala hannunta. Ga ta, tana miƙo hannu in ba ta wayar.

Inna: Nababa.

Nababa: Na'am, Inna. Sannu. Ya jiki?

Inna: Na ji ana zancen shanu. Ka bar su. In ka sayar, da me za ka yi huɗa a wannan tsadar?

Nababa: Inna, ki bari mu ƙara gwadawa. Allah ke warkarwa.

Inna: Shi ke warkarwa, a nan ko a ɗakina. Wata biyar ina amai, sallah ma a kwance nake yi. Ba wanda ya matsa mini. Kun yi iya yinku, ban ga gazawarku ba.

Nababa: Me zan ce wa mutane?

Inna: Ka ce ni na ce. Kuka kake yi?

Nababa: A'a, Inna. Iska ce.

Inna: To. A share mini ɗaki, a mayar da gadon kusa da taga. Ka aika wa Kaltume a Rimin Gado ta zo, shekara biyu ba ma magana, kuma 'yar'uwata ce.

Nababa: In ta ƙi fa?

Inna: Ka je da kanka. Ka ce mata ni ce na yi...

Nababa: Inna? Ke kika yi me? Inna, kina ji na?